Maɓallan Gimbiya

Shekara talatin da ɗaya, Umma tela ba ta taɓa buɗe baki ta ce 'yarta "ba ta iya ba". Tun ranar da likita ya gaya mata ƙwaƙwalwar jaririyar ba za ta girma kamar ta sauran yara ba, ta laƙaba mata Gimbiya, ta kuma haramta wannan maganar a gidanta.

Gimbiya na da kujerarta a shagon, gefen taga. Aikinta ware maɓallai: jajaye gwangwaninsu daban, masu ƙyalli nasu daban, kuma ba a taɓa kama ta da kuskure ba. Sai dai tana da farfaɗiya. Katin lafiya na gwamnati shi ke ba ta maganin da ke riƙe ta a tsaye, da likitan da ke duba ta duk wata. Kafin a samu katin ta taɓa faɗuwa a kan dutsen guga mai zafi, har yau tabon na kwance a damtsenta. Yanzu wa'adin katin ya cika, sai an sake tantance ta kafin a sabunta.

Da hantsi ma'aikaciyar lafiya ta iso da takardarta, ta zauna a kan bencin masu jiran ɗinki.

"Mama, tana sa kaya da kanta?"

"Wa, Gimbiya? Ai ta fi ni iya kwalliya!"

"Magani fa?"

"Ita ke tuna mini ma."

"Tana fita ita kaɗai?"

"'Yar nan, duk layin nan wa bai san ta ba?"

Biro ya yi ta gudu, can ya tsaya. Ma'aikaciyar ta ɗago, ta sassauta murya. "Mama, in na miƙa wannan yadda kika faɗa, za su ce ba ta buƙatar katin."

Ƙafar Umma ta sauka daga kan keken ɗinki. Ta dubi tabon nan, ta dubi fuskar 'yarta da hasken taga ya wanke. Kalma huɗu kacal ake nema a wurinta, "ba ta iya ba", amma a gaban Gimbiya?

"Umma, ƙarya babu kyau," in ji Gimbiya, idonta na kan gwangwani.

Ta juyo a hankali, tana ajiye kalmomi ɗaya bayan ɗaya kamar yadda take ajiye maɓallanta. "Anti, Umma ce ke ɓalla mini riga. Yatsuna ba sa jin magana. Magani kuma rannan na sha biyu, na manta na sha. Titi ba na zuwa. Mota tana da ihu."

Sai ta miƙa yatsa ta nuna ƙirjin baƙuwar. "Naki ya faɗi. Na uku."

Ma'aikaciyar ta duba rigarta, ta dafe baki. "Kai! Tun safe haka nake yawo a gari, babu wanda ya gaya mini?"

Gimbiya ta tsoma hannu cikin gwangwani, ta fito da shuɗi mai huda huɗu, sak irin sauran.

Dariya ta ƙwace wa Umma, hawaye na bin ta a baya. Ta share da bakin mayafi, ta zare allura.

"Soke na farkon, 'yar nan," ta ce. "Riga, ba ta iya ba. Magani, ba ta iya ba. Titi ma haka." "To a takardar taku babu inda ake rubuta abin da mutum ya iya?"

"Babu, Mama. Amma akwai gefe."

Ma'aikaciyar ta rubuta a gefen cewa Gimbiya ta iya ware maɓallai, ta karanta da ƙarfi don mai abin ta ji. Gimbiya ta gyaɗa kai kamar wadda aka kawo wa rahoto.

Bayan mako biyu sabon katin ya iso. Umma ta ɗinka masa 'yar jaka, Gimbiya ta zaɓi maɓallin.