Taɓaryar Gidan su Manar

Ranar da za su tashi daga unguwar Zahir zuwa unguwar Ka'akiyya a Makka, Muhannad ya fito da turmin uwarsa Saudatu ya ajiye gefen kwandon shara.

"Umma, gidan can ɗan ƙarami ne. Taɓaryar ma tun ina yaro ta karye. Khalas, shi ke nan, a bar shi."

Saudatu ta dubi turmin. Turmin kakarta ne, a bayan jaki ya ratso Chadi da Sudan, kafin ya ƙetare teku zuwa Makka. Amma yanzu Muhannad ne mai gida, sai ta kawar da kai.

Ana cikin loda kaya sai ga Manar, matar da ya auro daga Amerika, 'yar ƙabilar Choctaw, ɗaya daga ƙabilun asali na ƙasar. Ta ga turmin ta tsaya cak. Ta koma ciki, ta fito da wani dogon abu naɗe a bargo, wanda tun zuwanta Saudatu ke zaton labule ne. Ashe taɓarya ce, ta yi baƙi don tsufa, kai ɗaya ƙato, ɗayan siriri.

Da Larabcinta mai tuntuɓe ta ba da labari. Kakan kakanninta shugaban mutanensu ne a zamanin da aka kore su daga ƙasarsu, suka yi ta tafiya a ƙasa cikin sanyi. Shi yana gaba da jama'a, matarsa tana baya da yara. Turminta ya yi mata nauyi ta bar shi a hanya, ta dogara taɓaryar kamar sanda. Tun daga nan uwa ke miƙa wa 'ya, ba turmi.

Saudatu ta karɓa, ta zura ƙaton kan cikin turmi.

"A'a, Umma," in ji Manar tana dariya, ta juya mata ita. "Siririn ke daka. Nauyin yana sama, shi ke taya ki."

"Ji 'yar nan, daga zuwa za ki koya mini daka?"

Ta gwada dai. Turmin ya amsa, lugude sosai. Wata maƙwabciya ta leƙo ta taga.

Muhannad ya dubi uwarsa, ya dubi matarsa, ya sosa kai.

"To firij ɗin fa, ina zan sa shi?"

"Ka ɗauke shi a ka," in ji Saudatu.

Ya sunkuya ya ɗora turmin a mota. Duk tsawon hanya Saudatu na riƙe da hannun surukarta, tana ta sa mata albarka, ita da tsohuwar da ta ƙi yar da taɓarya.