Abincin Baba Asabar na Ƙarshe

"Da yunwa ta kashe shi, Hajiya! Uban da ya haife ta!"

Uwani mai waina ce ta faɗo gidan da safiyar Juma'a, ko sallama ba ta ƙarasa ba. Hajiya Sa'adatu na zaune a tsakar gida tana shafa wa gwiwarta man zafi. Ta daɗe tana shugabantar makarantar 'yan mata kafin ta yi ritaya, kuma tun a can ta daina gaskata labarin da ya zo mata a guje.

"Zauna, Uwani. Wa ya kashe wa?"

"Hadasa mana, 'yar Baba Asabar. Ya rasu. Sai jiya bayan magariba ta buɗe ƙofa ta faɗa, amma Isyaku wakilin mai gidan da ya leƙa ya ce gawar nan ba ta jiya ba ce, ta kwana ta wuni."

Hajiya ta yi salati a hankali. Duk Gyadi-Gyadi an san Baba Asabar. Sunansa Natan, Inyamuri ne mai gyaran keken ɗinki, ya zo Kano tun yana saurayi. Ba ya zuwa coci, ba ya zuwa masallaci, addinin Yahudanci yake bi, kuma ko za ka haɗa shi da Allah ba ya buɗe shago ranar Asabar. A nan sunan ya samo asali. Tun da matarsa ta rasu, daga shi sai 'yarsa Hadasa a ɗaki biyu na wani gidan haya.

"Ke kika ga ta hana shi abinci?"

"Ai ba sai na gani ba. Tun yammacin Laraba ba a hura wuta a ɗakin ba, ba a kunna fitila ba. Wai azumi suke. Wane irin azumi ne ba sahur? Ni da nake tashi tun asuba ina suya, ko ƙarar cokali ban ji ba. Kuma ki ji abin tsoro: tun ranar Laraba da rana ta sayo ƙanƙara cike da kula, ta shanya farar riga a igiya. Yanzu ga gawar can cikin rigar, ƙanƙara kewaye da ita. Wa ke tanadin likkafani da ƙanƙara in bai san abin da zai yi ba?"

Wannan ta ɗan tsaya wa Hajiya a rai. Ta rufe kwalbar man, ta jawo mayafi da sandarta.

Ba ta nufi gidan kai tsaye ba. Ta fara tsayawa wurin Zakariyya mai kaji a bakin titi.

"Ranar Laraba da hantsi suka zo, Hajiya, tana riƙe da hannunsa," in ji shi. "Babban zakara ya zaɓa. Kin san shi, ba ya yarda in yanka masa. Wuƙarsa yake zuwa da ita, ya gwada kaifinta a farce, ya yi addu'arsa. Har yana tsokanata wai tawa wuƙar ko tuwo ba ta yanka."

"Ya yi maka kama da wanda ake horo da yunwa?"

"Ni dai kaza na sayar."

Gaskiyarsa, Hajiya ta faɗa a ranta. Sayen zakara daban, cinsa daban.

Ƙofar gidan hayar cike take da mutane. Wata farar motar ɗaukar gawa na tsaye a gefen kwata, kusa da ita wani mutum da 'yar ƙaramar hula a tsakiyar kai yana ta roƙo. Gidiyon ne, wan Hadasa, kwana ya yi a hanya daga Abuja. Isyaku, wakilin mai gidan, ya sa wa babbar ƙofa kwaɗo, ya tsaya a ƙaramar da makullin a hannu.

"Malam Isyaku, ka dubi Allah," Gidiyon ke cewa. "Makabartar mutanenmu da nisa. In rana ta faɗi yau Asabar ta shiga, ba mu binne mutum sai ta fita. Ka ga zafin da ake yi."

"Ba gawar da za ta fita daga gidan nan sai hukuma ta zo ta gani. Gobe a ce da ni aka haɗa baki?"

"Matsa in wuce, Isyaku," in ji Hajiya.

"Hajiya, maganar ta fi ƙarfin..."

"Ta fi ƙarfinka, shi ya sa na zo. Na san ka tun kana yawo ba wando. Matsa."

Wasu suka ƙunshe dariya. Ya matsa.

Warin ne ya fara tarbar ta, wani tsami-tsami mai nauyi. Tagogi a rufe, an lulluɓe madubi da zane. Gawar na shimfiɗe a ƙasa, an rufe ta har kai, siminti duk ya jiƙe da ruwan ƙanƙarar da ta narke. Hadasa na zaune dirshan daga gefen ƙafafun, ba takalmi, leɓɓanta sun farfashe. A Kano aka haife ta, Hausarta ba ta da maraba da ta Uwani.

"Sannu, Hadasa. Ya haƙuri?"

"Da godiya, Mama."

Hajiya ta nemi kujera ta zauna da ƙyar. "Kin san abin da ake faɗi a waje?"

"Ina ji ta taga."

"To ni ban zo da abin da aka faɗa ba. Tambaya zan yi, ki ba ni amsa. Wane irin azumi ne wannan?"

"Sau ɗaya ne a shekara, Mama, ranar neman gafara. Daga faɗuwar rana har taurarin gobe su fito. Ba ci, ba sha, ba girki, ba kunna wuta. Sahur ɗinmu da la'asar muke yi. Shi ya sa komai sai an gama shi tun ranar jajibere, na shiga azumi da na buɗa baki."

"Me kika dafa?"

Hadasa ta lumshe ido. Ta shiga lissafowa a hankali, kamar tana sake ɗora tukwanen. Farar shinkafa da romon kaza, ba yaji, gishiri kaɗan, don kada ƙishi ya dame shi. Doya dafaffiya. Kankana a ƙarshe. Na buɗa baki kuwa abu mai sauƙi ne, saboda cikin tsoho: kunun gyaɗa, burodi, kifi, da zoɓo mara sukari.

"Ƙanƙarar ta wannan ce. Wutar unguwar nan kin san ta, kuma ba ni da ikon taɓa janareta."

"Farar rigar fa?"

"Ita yake sawa duk shekara a ranar. Kuma da ita ake binne namiji a wurinmu. Riga ɗaya ce."

Idon Hajiya ya sauka a kan wani faranti a gindin gado. Ƙananan kofuna ne jere, irin na awon maganin tari, kowanne cike da ruwa, ƙura ta fara kwanciya a samansu. Ta nuna da sanda.

"Waɗannan?"

"Yana da ciwon suga. Malaminmu ya ce mara lafiya dole ya sha, amma kaɗan-kaɗan, ba abin da zai cika baki ba. Baba ya yi ta gardama, daga baya ya yarda."

"Amma ga su nan a cike. Ba ki ba shi ko ɗaya ba."

"Ban samu wanda zan ba wa ba, Mama." Muryarta ba ta rawa, ta dai bushe. "Ya ci abinci, ya sa rigarsa, muka yi addu'ar shigar rana. Ya ce bari ya ɗan kishingiɗa. Na kawo masa kofin farko, na ce Baba tashi. Hannunsa har ya fara sanyi."

Hajiya ta sauke sandarta. Sai kuma tsohuwar muryar ofis ta dawo mata.

"Kuma kika zauna? Addinin da zai hana mutum buga ƙofar maƙwabci a irin wannan hali, ni ban fahimce shi ba."

"Bai hana ba. Da da sauran numfashi a jikinsa, da na fasa ƙofa na tare mota a titi, azumin ya tafi inda za shi. Rai ya fi ranar azumi. Amma ya riga ya tafi. Da na fito na faɗa, me za ku yi?"

Hajiya ta san amsar. Da an ciccibe shi an saka a adaidaita, don alheri, an kai shi ɗakin ajiyar gawa an tura a durowa.

"Ba a ɗaukar gawa a ranar," in ji Hadasa. "Kuma ba a barin ta ita kaɗai. Sai na sauko da shi ƙasa, na kwashe ƙanƙarar daga kan abincin na jera masa. Da taurari suka fito na kira Gidiyon, na buɗe ƙofa."

Hajiya ba ta ce ta gamsu ba, don ba ta gamsu da duka ba. Ta dafa sanda ta miƙe ta leƙa ɗaya ɗakin. Kular na nan a buɗe. Kunun ya kumbura ya yi kumfa, kifin ya saki ruwa. Rabin warin da ya cika gidan daga nan yake fitowa.

A kan tebur faranti biyu ne, an kife musu kwano, rana ta faɗi kafin a samu wanke su. Ta ɗaga na farko. Ba ƙwayar shinkafa ko ɗaya, sai tarin ƙasusuwan kaza, kowanne an fasa shi a tsaye an zuƙe ɓargon. A gefe ga 'yar filayar gyaran keke, bakinta duk maiƙo. Duk wanda ya taɓa kai keken ɗinki shagon da rana ya san wannan: tun da haƙoran Baba Asabar suka zube, da filaya yake fasa ƙashi.

Ta ɗaga na biyu. Shinkafa ce a cike, an ɗiba kamar cokali biyu daga gefe, fiffiken kaza na kai ba a taɓa ba.

"Wannan na wa ne?"

"Nawa. Ina ta ƙara masa, ina yanka kankana, kafin in zauna rana ta tafi."

"Jiya da dare fa, da azumin ya fita?"

"Na sha ruwa."

"Ruwa kawai?"

"Abinci ba zai wuce ba, Mama. Sai an binne shi." Ta gyara zama. "Kuma abincin farko bayan binnewa, ba a cin na tukunyar kai. Maƙwabta ke kawowa. Dafaffen ƙwai da burodi." Ta dubi tagar da hayaniya ke shigowa ta cikinta.

Hajiya ta ɗauki farantin ƙasusuwan da filayar a kai, ta fito da shi har ƙofar gida. Ta miƙa shi daf da hancin Isyaku.

"Filayar wa ce wannan?"

Ya duba, ya kau da kai. "Ta Baba ce."

"Zakariyya na can bakin titi, je ka tambaye shi girman zakaran. In hukuma ta zo, ka turo ta gidana, ni na ce ka buɗe. Uwani!"

Uwani ta fito daga bayan mata tana gyara ɗaurin zane.

"Wutarki ba ta mutu ba?"

"Da saura, Hajiya."

"Dafa ƙwai. A tukunyarki, ba tawa ba. Ki haɗo da burodi."

"Ni, Hajiya?"

"Ke ce bangonki ke jikin nasu."

Isyaku ya daɗe yana juya makullin a hannu kafin ya zura shi a kwaɗon. Ba wanda ya ce a yi haƙuri. Maza biyu suka kama wa Gidiyon ɗaukar gawar, sauran suka ja baya suna toshe hanci. Da aka rufe bayan motar, Uwani ta iso da ƙullin leda, ƙwan da zafinsa, ta miƙa wa Hadasa ta tagar motar ba ta ɗaga ido ba. Hadasa ta karɓa da hannu biyu ta ɗora a cinya. Motar ta hau titin Zariya, rana ta riga ta yi sama.

Hajiya Sa'adatu ta koma ciki ta zubar da kunun a kwata, ta buɗe tagogi. Kofunan ruwan ta bar su yadda suke.

Baba Asabar bai mutu da yunwa ba. Ya rasu ranar Laraba bayan faɗuwar rana, cikinsa a cike, ya ci faranti ya ƙara. Wadda ta fita daga gidan da yunwa ita ce Hadasa.