Wandon Mzee Onsongo a Bayan Gilashi

Kwamboka ce ta zaɓi injin wankin da kanta. Sati uku tana zagayen shagunan Kitengela kafin ta tsaya a kan wani fari mai ƙofar gilashi a gaba, wanda mai shago ya rantse ruwan jarka biyu ya ishe shi wankin gida guda. A garin da ruwan famfo gishiri ne, na daɗi kuma sai an saya jarka-jarka, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sharaɗinsa ɗaya, a cika shi da kaya kafin a kunna. Ta riƙe sharaɗin nan kamar addini, har mijinta Ombati yana yi mata tsiya da shi.

Yayar mijin, Bosibori, ta tsani injin tun ranar da ta fara ganinsa. Duk Lahadi sai ta zo daga Rongai ta zauna ta ƙare masa zagi: ba ya kumfa, ba ya shan ruwa, awa biyu yana juya tsumma kamar mai ciwon ciki. A wurinta macen da ba ta murza wanki da hannu ba, to ajiye ta kawai aka yi. Kwamboka takan cije ta zuba mata shayi, a ranta tana cewa mai baki dai ba ya rasa abin faɗa.

Abin da ya sa take haɗiye duk wannan shi ne surukinta, Mzee Onsongo, wato Dattijo Onsongo. Wata biyu ke nan da aka kawo shi daga Nyamira bayan ɓarin jikinsa ya shanye, ana yi masa gashi a asibiti, saura sati shida. Tsohon nan shi kaɗai ya tsaya mata lokacin da dangi suka ce ta cika boko. Ba ya haɗa ido da ita, ba ta miƙa masa hannu, kamar yadda kunya ta tanada a al'adarsu tsakanin suruki da matar ɗa, amma tuwon masararta kaɗai yake ci ya suɗe kwano. Kayan sawarsa kuwa ba ta taɓawa, 'yarsa ma ba ta taɓawa. Tunda matarsa ta rasu, Ombati ne ke wanke su da hannu a baho na daban. Da ƙyar aka shawo kan tsohon ya yarda ya kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da matar ɗansa, kuma Kwamboka ta san abu kaɗan zai mayar da shi gida da ƙafa tana ja.

Ran wata Lahadi, da yake su Asabar ce ranar cocinsu, ta zuba kayanta da na 'yarta Nyaboke a injin. Bai cika ba, sai ta bar ƙofar a buɗe ta tafi sayo ayaba, da niyyar ta ƙara zannuwan gado in ta dawo. Tun daga bakin ƙofa ta jiyo injin yana aiki, ta kuma jiyo muryar Bosibori.

A baranda ta same su. Tsohon yana kan kujerarsa da sanda a cinya, Bosibori ta riƙe ƙugu, Ombati yana jingine da bango yana latsa waya. A bayan gilashin, wandon Mzee mai ruwan toka yana juyawa, ya naɗe da jan siket ɗinta na ciki. Su tafi sama tare, su faɗo tare.

"Maman Nyaboke, sannu da aiki," in ji Bosibori. "Tsimin ruwan ne ya kai ki haɗa wandon ubanmu da siket ɗinki na ciki? Saura ki haɗa musu gado."

Kwamboka ta yar da ayabar ta ja ƙofar injin. Ina! In ya fara ba ya buɗuwa. Ta danna maɓalli, ta cire waya daga bango, ƙofar tana nan a kulle da ruwa a ciki. Dole ta mayar, injin ya ɗora daga inda ya tsaya, agogonsa yana nuna saura awa ɗaya da minti arba'in. Bosibori ta samu fili. Ta tono zancen aure, ta tono uwar Kwamboka da tarbiyyar da ba ta bayar ba, maƙwabta suna leƙe ta saman katanga.

Kwamboka kuwa mijinta take kallo. Bahonsa yana can a kife, a bushe ƙayau. Ta jira ya buɗe baki. Da ya buɗe, cewa ya yi a yi haƙuri, harkar wanki ta mata ce, shi bai san yadda aka yi ba. A nan ta ji ta tsane shi, tsana ta gaske, irin wadda ba ta taɓa yi wa Bosibori ba.

Ba wanda ya tashi har injin ya gama, ƙofar ta yi ƙas. Sai kuma aka tsaya cirko-cirko, don ita ba ta da halin taɓa wandon, Bosibori ma haka, tsohon kuwa ba zai kai hannu kusa da siket ɗin ba.

"Baban Nyaboke," in ji Kwamboka, "wanda ya zuba shi zai kwashe."

Bosibori ta ɗaga murya, tsohon ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya.

"Ombati, da safen nan a hannunka na sa wandon nan. Durƙusa ka raba su."

Ya durƙusa. Da ƙyar ya warware su, don injin ya matse su tamau. Kwamboka ta ji sanyi a ranta, ta ɗauka an wuce wurin. Sai tsohon ya yi magana yana kallon bango, kamar yadda ya saba in da ita yake.

"'Yata, na san ba ke ba ce. Amma idona ya riga ya gani. Ba zan iya karɓar kwano daga hannunki in haɗiye ba."

Ta roƙe shi ta bakin Ombati, ta roƙe shi ta bakin fasto, ta tuna masa sati shidan da suka rage. Washegari da safe aka ɗora shi a motar Nyamira, ƙafar hagu tana jan ƙasa. Tuwon da ta ƙulle masa na hanya, a kan tebur ya bar shi.

Lahadin da ta biyo, Ombati ya kawo rigunansa ya tsaya a gaban injin, ya ga ko rabi bai cika ba. Kwamboka ta tura masa bahon da ƙafa, ta rufe gilashin ban da rigunansa, ta kunna a haka.