Abin da Mushe Ɗan'azumi Bai Rubuta Ba

"Da sauƙi," na ce musu, na tsaya a bakin ƙofar Mushe Ɗan'azumi na kama ƙugu, don kada wani ya yi tunanin kutsawa ta gefena. "Barci yake. Ku tahi gida."

Su tara ne ranar, yaran da yake koya wa wasan kwaikwayo, sun taho daga lakwal, wato makaranta, a tsakiyar rana da jakunkunansu. Autata Lami tana cikinsu. Shekarunta goma sha shida, kuma ta gaji bakina, abin da ban taɓa gode wa kowa a kai ba.

"Inna, jiya ma haka kinka ce."

"To jiya ma barcin ya yi. Laihi ne?"

"Saura kwana biyar hwa."

"Ko saura rabin yini ne. Wuce ki ɗora min ruwa."

Suka juya suna jan ƙafa. Ni kuwa ƙarya nake yi. Idon Mushe biyu, kuma babu wani sauƙi. Ƙafafunsa sun kumbura har fatar tana sheƙi, idanunsa sun yi rawaya, kunun da na kai masa da safe yana nan yadda na ajiye shi. Likitan da ya duba shi ya ce hanta ce, ya rubuta magani, ya kawar da kai.

Shekara goma sha ɗaya muna gida ɗaya a unguwar Mawrai ta Yamai, shi a ɗakin kusa da famfo, ni da keken ɗinkina a na bakin zaure. Mutumin Tawa ne, malamin makaranta, shi ya sa ake ce masa Mushe yadda ake kiran malaman boko a wurinmu, matarsa ta rasu ba su samu haihuwa ba, bai kuma sake aure ba. Sai ya tattara 'ya'yan mutane ya cika mana tsakar gida da su, wannan ya zama sarki, wancan ya zama makaho, ni kuma in kwana uku ina ɗinka musu tsumma a banza. Na sha yi masa faɗa. Sai ya yi dariya ya ce, "Uwar Lami, da za ki yarda ki hau dandali, da mun ci kowa."

Shekarar ita ce ta 1985, bayan daminar da ta ƙi. Mutanen arewa sun zubo Yamai, sun kafa bukkokin kwali a bayan gari, mata suna bin gidaje suna neman dusa. A cikin wannan hali aka sa gasar wasan kwaikwayo ta matasa. Ƙungiyar da ta ci za ta wakilci birni a babban bikin ƙasa, a ji yaranta a rediyo, malaminsu kuma a tura shi ƙaro ilimi. Ga ɗiyar tela irin Lami, babu wata ƙofa da ta wuce wannan, kuma ita aka ba babban matsayi a wasan.

Sai dai Mushe yana da nasa tsarin. Ba ya ba yaro takarda. Baki da baki yake koyar da kowa nasa, fitowa bayan fitowa, ta ƙarshe kuma sai ya riƙe ta a cikinsa har ana jibi wasa, wai don kada wani ya kai ta kasuwa. Wannan karon ya ba su shida. Ta bakwai ta Lami ce ita kaɗai, kuma babu mai rai da ya san ta sai shi.

Shidan nan na ji su daga kan kekena, kuma sun ishe ni. Labarin wata mata ce daga ƙauye da take tsayawa layin jar dawar taimako, kullum sai an zo kanta mai rabon dawar ya ce ta ƙare, alhali buhuna suna fita ta ƙofar baya. Soja ke mulki. Bara waccan an zo da mota an ɗauki wani malami a Kirkisoye saboda waƙar da ya koya wa yara, har ranar matarsa ba ta san inda yake ba. In farkon wasa haka yake, mene ne zai fito daga bakin ɗiyata a ƙarshensa?

Zan faɗi gaskiya tunda na fara. A wurinmu ba a cewa jikin mutum ya yi tsanani. Ko ana karanta masa Yasin, in an tambaye ka sai ka ce da sauƙi, kuma babba ya san abin da kake nufi. Yara ba su sani ba. Na ga sun ɗauki maganar yadda na faɗe ta, na kuma bar su a haka, don ina so ranar gasa ta zo ta wuce ba tare da fitowa ta bakwai ba.

Ran Talata da hantsi sai ga Mumuni, sakataren kwamitin gasar, da jaka a hammata. Aikinsa ya karanta kowane wasa ya buga masa hatimi kafin a hau dandali. Shi ban iya tare shi ba. Na bi shi ciki da sunan zan ɗauke kwano.

"Mushe, ya jiki?"

"Da sauƙi," in ji Mushe, da muryar da sai ka sunkuya kake ji.

"Allah shi ƙara. Takardar da kunka aiko, na ga kamar ba ta cika ba. Ta tsaya inda mai rabo ya ce a dawo gobe."

"Nan magana ta ƙare."

Mumuni ya juya shafin ya duba bayansa. Tsohon ɗalibinsa ne, ya kuma san halinsa.

"Babu wata kalma bayan wannan?"

"Ko ɗaya. In ka ji wata, ka ce ni maƙaryaci ne."

Ya daɗe yana kallonsa kafin ya fito da hatimi ya buga a kan gwiwarsa. A zaure ya tsayar da ni, ya rage murya.

"Inna, wani kapitan na soja ne babban baƙo, a layin gaba za shi zamna, da takardar ga a hannu. Kalma ɗaya ta hito wadda ba ta ciki, ni za a hwara ɗauka, sannan wadda ta hwaɗe ta. Ki ja wa ɗiyarki kunne."

Washegari da sassafe na tura Lami Banifandu wurin ƙanwata da ɗinkin da bai kai a aika kowa ba, na ce ta wuni can ta taya ta wanki. Ta tafi tana harara. Da azahar na shiga da ruwan ɗumi in goge wa Mushe fuska. Numfashinsa ya sauya, yana ja yana tsayawa, sai ka ɗauka ba zai dawo ba.

"Ina Lami?"

"Na aike ta. Ka sha ruwa."

"Uwar Lami." Ya jira numfashi ya dawo. "Bangon ga ba shi da kauri. Kwana biyar ina jin ki kina kora su."

Na tsaya da tsumma a hannu. Kunya ta rufe ni, sai ta juye ta zama faɗa, don ni haka nake.

"To na kora su! Kai ka haihe ta? In an zo da mota, kana nan kwance, wa za shi tsaya? Ka ga matar malamin Kirkisoye yadda ta koma?"

"Na gan ta."

"To mi kake so da ni?"

"Zamna. Ba ni kaiwa ta dawo."

Ban ce masa zai kai ba. Karo na farko ke nan da ban yi masa ƙarya ba a makon. Na zauna a ƙasa kusa da katifarsa.

"Ba za ta ce komi ba," ya ce. "Kwamiti magana suke karantawa. Abin da ba magana ba, ba shi cikin takarda, ba su iya yanke shi." Ya nuna ƙarƙashin teburinsa da ido. Tiya ce a wurin, kwanon awon hatsi, tsohuwa, bakinta ya lanƙwashe. "In mai rabo ya ce a dawo gobe, kowa ya watse. Ita ta ɗauki wannan ta sauko daga dandali. Ta tahi layin gaba. Ta tsaya gaban wanda ya hi kowa girma, ta miƙa mai da hannu biyu."

"Sannan?"

"Shi ke nan."

"Har yaushe?"

"Har hannunta ya gaji. Kada ta durƙusa, ba bara take ba. Layi take." Ya rufe ido. "In kin ga dama ki hwaɗa mata. In ba ki gani ba, na yahe miki tun yanzu. Ɗiyarki ce."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na zauna ina yi masa fifita, ana ta tara ruwa a famfo, wata mata tana sallama a zaure tana tambayar ko akwai dusa. Da aka kira la'asar na ga leɓunansa suna motsi, na matsa na yi masa kalmar shahada, ya bi ni har ƙarshe. Bai ƙara wani numfashi mai ƙarfi ba. Na shafe masa idanu, na fita na kira maza.

Kafin magariba an yi masa sutura an kai shi. Lami ta shigo ta tarar da tabarmi a ƙofar gida da takalman mutane. Ba ta yi kururuwa ba. Ta zo ta tsaya a kaina a gaban matan unguwa.

"Kin ce da sauƙi."

"Haka ake cewa."

"Ni ban san haka ake cewa ba, Inna. Na ɗauka gaskiya kike hwaɗa min."

Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Yaran suka taru a tsakar gida ran Juma'a suna shawara ko su janye, ko su tsaya a fitowa ta shida yadda take a takarda. Ina jin su daga ɗaki. Abin da nake so ke nan, ya zo mini har gida, babu wanda ya san abin da ke cikin ta bakwai sai ni da wanda ke kabari. Na taka keke na ɗinka hannun riga a baibai, na farke, na sake ɗinka shi a baibai. Mutumin nan ya yafe mini abin da ban riga na yi ba, kuma wannan ya hana ni sakat.

Da suka tashi za su watse na shiga ɗakin Mushe na ɗauko tiyar, na kira Lami bayan gida inda babu kowa. Na faɗa mata duka, har da aikenta Banifandu, har da abin da Mumuni ya ce a zaure. Na ce ni ba na so ta yi, amma nata ne, shi ya bar mata.

"Ya ce kada in durƙusa?"

"Haka ya ce."

Ta karɓa ta juya ta a hannu.

"Nuna min yadda ya yi da hannunsa."

"Ba shi da ƙarhin ɗaga hannu, ke ma."

"To ke nuna min."

Na tsaya a bayan gida kusa da makwarara, tsohuwa da ni, na nuna mata.

Ran Asabar da yamma aka yi gasar a filin gidan matasa, rana tana dukan bango. Ban sami benci ba, na tsaya can baya cikin mata masu goyo. Kapitan yana layin gaba da takarda a kan cinya, Mumuni a gefensa yana share wuya da hankici, jandarma biyu a tsaye. An yi dariya a fitowa ta biyu da ta uku. Daga ta biyar dariyar ta ragu. Mai rabo ya ce a dawo gobe, yara suka watse, kapitan ya rufe takardarsa, wasu har sun fara tafi.

Sai Lami ta sauko. Na ji ƙarar takalminta na roba a kan matakala, don tafin ya mutu. Ta taka har gaban kapitan ta miƙa tiyar da hannu biyu. Jandarma ɗaya ya yi taku guda. Kapitan ya sake buɗe takardar, ya duba shafin ƙarshe, ya juya bayansa, ya dubi Mumuni. Mumuni ya dubi ƙasa. Kapitan ya ɗaga yatsa ɗaya, jandarman ya tsaya inda yake.

Yaranmu ba su ci gasar ba, an ba wata ƙungiya da ta yi wasan dashen itace. Mota ba ta zo ba, ko da yake wata biyu na yi ina zabura in na ji inji ya tsaya a ƙofar gida. Amma a lokacin ban san wannan ba. Abin da na sani shi ne mutum ɗari uku sun yi tsit, kuma hannun ɗiyata ya fara rawa daga gwiwa, bakin tiyar yana karkata tana gyara shi. Kapitan ya kalli cikin kwanon, ya kalli takalminsa, bai sake ɗagowa ba.

Matar da ke kusa da ni ta taɓa min kafaɗa a hankali. Na duba, sai na ga ashe hannayena biyu a miƙe suke a gabana, babu komai a cikinsu.