Tamostat Mai Lamba Ɗari da Sittin

Shekara talatin da ɗaya ina bayan kanta a shagon kayan gyaran mota na garinmu, nan Dakota ta Arewa, ban taɓa ganin mai hankali ya nemi tamostat mai sanyi a watan Oktoba ba. Sai ga yayana Orvin ranar Talata, ya kakkaɓe hularsa a kan kantata, ya ce in ba shi mai lamba ɗari da sittin, zai sa wa akori-kurarsa.

Na ce, "Ɗari da casa'in da biyar dai."

Ya ce, "Kunnenki ne ya tsufa, Auta, ba bakina ba."

Tamostat ɗan ƙarfe ne da bai fi murfin kwalba ba. Shi ke tare ruwan lagireto har inji ya ɗauki zafi, sannan ya buɗe masa hanya. Mai ɗari da sittin da wuri yake buɗewa, inji ba ya ɗumama sosai, hita kuwa sai ta riƙa hura maka iska kamar ana fifita. A garin da ƙanƙara ke rufewa wata biyar, ba mai sa shi sai wanda ba ya niyyar ganin ƙanƙarar. Masu jan tirela su gangara kudu, su ne ke neman sa. Orvin kuwa yana da 'ya a Arizona, can kudu inda ake zafi, Jolene, wadda tun rasuwar matarsa a watan Afrilu ta hana wayarsa hutawa.

Na ce, "Me ya sami motar?"

"Allurar zafi ce ke hawa."

"Yaushe?"

"In na hau tudu."

"Wane tudu, Orvin? Daga nan har Kanada in ka ajiye ƙwai ba zai gangara ba."

Ya tsura wa kalandar bango ido kamar yau ya fara ganin ta. Tun muna yara haka yake yi in ya yi ƙarya. Ni ma na mayar masa da tawa, na ce babu, ya dawo ranar Alhamis. Guda uku ne a kan katakon jera kaya, bayan kaina.

Washegari na bi ta gonarsa, wai na kai masa miya. Tirelar da yake ɗaura wa motarsa ta sha sababbin tayoyi. Itacen hura wuta da ya kamata a ce ya cika rumfa, ko rabi babu. Akurkin kaji fayau, wai ya ba maƙwabcinsa Einar don ya gaji da cararsu. Mutumin da ya raɗa wa kowace kaza suna! Na ajiye miyar na fito raina a ɓace.

Mu shida iyayenmu suka haifa, mu biyu muka rage. Ban yi aure ba, ba ni da ɗa. Abin da nake da shi shi ne tsoho ɗan shekara saba'in da biyu da ke shigowa ƙarfe tara na kowace safiya, ya sha kofina, ya ce ruwan wanke-wanke ya fi shi daɗi. Kuma shi ne zai sulale ya bar ni, ko sallama babu. Tsoro ya kama ni, amma ni tsorona fushi yake zama.

Ranar Alhamis tun kafin ya zo na buɗe kwalin ɗari da sittin, na zare na ciki, na zura ɗari da casa'in da biyar. Lambar a gindin ƙarfen take, ƙanana ƙwarai, Orvin kuwa ya gwammace ya faɗa rami da a gan shi da tabarau. Ba cutar da shi na yi ba, irin wanda kamfani ya sa wa motar ne tun asali. Haka na yi ta faɗa wa kaina har ya karɓa ya fita.

Juma'a da yamma ƙanƙarar farko ta sauka. Asabar tara ta yi, babu Orvin. Goma ta yi, kofi ya huce na sake ɗora wani. Na ce shi ke nan, ya ɗaura tirela ya bi hanya, ina nan ina wasa da kwali. Sai wajen sha ɗaya na ji ƙarar motarsa. Ya shigo daga shi sai 'yar shara, babu rigar sanyi, ya bar ƙofa a wangale.

Ya ce, "Ardith." In ya kira sunana na yanka, to babu wasa. "Tun daga gona nake gumi. Hitar nan ƙwai za ta dafa. Ɗari da sittin ɗin gidanku ke nan?"

Na ce, "Wataƙila kamfani suka yi kuskuren kwali."

"Kamfanin da ke kallon kalanda yanzu?"

Na sauke idona daga bangon. Na ce, "Arizona za ka."

"Jolene ta gyara mini ɗaki. Ta ce in je kafin Nuwamba."

"Shi ne ba za ka faɗa mini ba?"

"Wata shida kullum ina zuwa nan, ina jira wani ya ce mini kada in tafi. Na ba da kajina a gaban gari, ba wanda ya ce uffan. Na zo na nemi abin da ko jariri ya san ma'anarsa, na ce yau dai Auta za ta yi magana. Sai kika aiko ƙarfe ya faɗa mini." Ya ajiye kwalin a kan kanta. "Ni ba na jin yaren ƙarfe. Ko ki faɗa da bakinki, ko ki miƙo na gaskiyar, ga shi can bayan kanki."

Na waiga na dubi kwalayen da ke bayan kaina. Shekara sittin da shida ban taɓa roƙon kowa ba, ban san ta inda ake farawa ba. Iska tana ta watso ƙanƙara har gindin kanta.

Na ce, "Rufe mini ƙofa, Yaya. Ta ciki."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya je ya tura ta da ƙafa, ya dawo ya ja kujerarsa, ya miƙo kofi in zuba masa.