Roƙon Ruwan Baba Yushuvo

Baba Yushuvo marini ya rasu da hantsin biyar ga Disamba a gidansa da ke unguwarmu ta Yahudawa a Bukhara, washegarin ranar da muka fara roƙon ruwa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa.

Kowace shekara, a ibadar yammacin huɗu ga Disamba, shi yake buga tebur da tafin hannu, alamar daga yau a saka roƙon raɓa da ruwan sama cikin addu'a. Bana ciwo ya kwantar da shi tun farkon kaka, likita ya ce da wuya ya kai ranar.

Matarsa Zilpo ta same mu, mazan da muke ibada tare da shi. "Ba ya tambayar 'ya'yansa, sai kwanan wata. Ku yi wani abu."

Nisim, mai ja mana addu'a, ya ce, "A Urushalima sun fara tuni. Mu ce masa ranar ta zo."

Muka shiga ɗakinsa mu maza tara, shi ne cikon na goma da addu'ar jama'a ba ta yiwuwa sai da shi. Nisim ya faɗi abin da muka shirya. Tsohon ya juya ido wajen taga.

"Nisim, tun kana yaro ba ka iya ƙarya ba. Wancan ba Tolib ba ne a kan soro?"

Tolib maƙwabcinmu ne Musulmi, yana yaɓe rufinsa kafin sanyi.

"Urushalima da lokacinta, mu da namu. So kuke ku jiƙa wa bawan Allah ɗaki?"

Nisim ya ce, "Haba Baba, yaushe addu'armu ta taɓa yin sauri haka?"

"Taka dai ce ba ta sauri."

Zilpo ta goge ido. "To sai ka jira, mai taurin kai."

"Ni da na saba jiranki ki gama ɗaura ɗankwali?"

Ya jira. Tolib ya gama yaɓe, ya ji labarin, ya riƙa aiko burodi mai zafi kullum da safe, ko da yake mara lafiyan ya daina ci.

Ranar huɗu ga wata da faɗuwar rana muka koma. Hannunsa ya ƙi ɗaguwa. Zilpo ta sa masa cokali tsakanin yatsun da shuni bai taɓa barinsu ba, ta matso da kofin shayi. Ya ƙwanƙwasa. Ƙarar kaɗan ce, amma kowa ya ji. Muka roƙi ruwa, leɓensa yana bin namu.

A bakin ƙofa Zilpo ta ce da Nisim, "Na gode da ƙaryar. Na gode kuma da ba ka iya ta ba."

Yanzu mu tara ne, ba mu san inda na goma zai fito ba. Ruwan bai sauka ba tukuna. Zilpo dai ta ajiye kwano a inda rufinsu ke yoyo.