Dokar Gareji

Mu huɗu muka kafa ƙungiyar a bayan garejin Usta Abdulmun'im, babban makanike, da ke Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu: ni da jita, Husam da ganguna, Shitu da jitar bas, Ikhlas kuma tana rerawa. Kiɗan rok muke yi, mai sa kwanon rufi rawa. Babu kamfanin da ya san da mu, ban kuma damu ba. Burina ɗaya ne, waƙar da na tsara, "Hayaƙin Gada", mu buga ta gaban jama'a daga farko har ƙarshe yadda na ji ta a kaina.

Usta ya ba mu wurin kyauta, amma da sharaɗin da yake gindaya wa makanikansa: duk mai barin aiki sai ya kawo madadinsa, wanda aka kawo kuma in ya sha shayi ya zama ɗan gida. Muka ce mun yarda, don a lokacin babu mai niyyar zuwa ko'ina.

Husam ne ya fara, ya tafi haƙar zinare arewa. Ya kawo ɗan kawunsa Sharafaddeen, wanda tun tasowarsa kiɗan biki yake yi. Yana da hannu, amma ko me ka fara sai ya lanƙwasa shi ya koma rawar amarya. Kafin in buɗe baki ya riga ya shanye shayin.

Sai Shitu ya gama karatu ya koma Zariya, ya bar mana Nasrullahi. Wannan bai taɓa riƙe bas ba, ogan, fiyanon nan mai lantarki, yake dannawa. Na haɗiye takaicina. Da Ikhlas ta sami aikin jinya a Omdurman, na roƙe ta ta kawo ko wace ce, muddin ta taɓa jin rok. Ta kawo gwaggonta Mawahib, zabiyar da duk matan Kasuwar Libiya suka sani. Wa zai ce wa Gogo Mawahib ta ɗaga murya ko ta rage? Ni dai gaishe ta nake yi a durƙushe, sannan in koya mata waƙata, ita kuma ta gyara min.

Wata ranar Juma'a bayan la'asar na iske su zaune, an ajiye min shayi, kowa na kallon ƙasa. Sharafaddeen ya yi ta kewaye-kewaye, wai an gayyace su biki, wai jitata na sa wa Gogo ciwon kai. Gogon ce ta yanke zancen.

"Ma'alesh ya waladi, yi haƙuri ɗana Tahir. Ka samo mana mai goge a madadinka, halas, shi ke nan."

Na dubi Usta, ya ce doka dai doka ce. Cikin haushi na je na samo musu mai gogen, don ni ma a garejin nan na tashi.

Bayan Sallah aka yi bikin 'yar maƙwabtanmu, na raka mahaifiyata. Ina zaune a ƙarshen rumfa na ji su Gogo Mawahib sun ɗauko "Hayaƙin Gada", a sanyaye, da goge da ogan. Suka buga ta daga farko har ƙarshe, mata na ta guɗa. Mahaifiyata, wadda kullum take rufe taga in na ɗauki jita, ta yi rawa har mayafinta ya zame. Ta dawo tana haki, ta dafa kafaɗata.

"Ka ji waƙa, Tahir? Kai me ya hana ka tsara irin wannan?"